Ɗaukar hoton mutum daban, yaɗa shi daban

Tambayar da aka fi yi wa masu sana'ar hoto ita ce ko doka ta yarda a ɗauki hoton mutum a kan titi ba tare da an tambaye shi ba. A Najeriya babu wata doka guda da ta fito ƙarara ta ce ɗaga kyamara a bainar jama'a laifi ne. Sai dai wanda ya riƙe wannan amsa kaɗai ya kama hanyar shiga rigima, domin tambayar ta cuɗanya abubuwa uku da ya kamata a warware: inda ka tsaya ka ɗauka, halin da mutumin yake ciki a lokacin, da kuma inda hoton zai dosa bayan nan. Na ukun nan shi ya fi kai mutane gaban alƙali, shi ya fi kashe aure da zubar da mutunci, kuma shi ne ba a cika tunawa da shi ba lokacin da yatsa yake kan maɓalli.

Mu fara da wuri. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. Sashe na 39 kuma ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da karɓar bayanai da isar da su. Mai hoto yana aiki ne a tsakanin waɗannan biyun, kuma ma'aunin da kotunan duniya suka fi amfani da shi mai sauƙin fahimta ne: shin mai hankali zai sa ran yana cikin sirri a wannan wuri? Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ko mahayin doki a Hawan Daushe, ya san idon duniya yana kansa. Matar da ke wanki a tsakar gidanta ta san katanga ta kare ta. Idan ka hau benen maƙwabci da dogon gilashi mai milimita 300 ka jawo ta kusa, ba zai amfane ka ba ka ce ƙafarka ba ta taka gidan ba. Kyamarar ta shiga, kuma shigarta shigarka ce. Haka ɗan jirgin hoto marar matuƙi da ake tashi da shi a wuraren biki: ban da izinin da ake buƙata daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, duk lokacin da ya tashi a cikin unguwa irin ta tsohon birni yana leƙa tsakar gidaje masu yawa, har da banɗakunan da ba su da rufi. Masu biki ne suka ɗauke ka aiki, maƙwabtansu ba su san da kai ba.

Akwai kuma wuraren da jama'a ke shiga amma suna da mai su: kanti, otal, gidan abinci, ɗakin taro, asibiti, makaranta. A nan maganar mai wuri ce ke aiki. Idan ya ce ba a hoto, ba a yi. Idan ya ce ka fita ka ƙi, maganar ta koma shiga wurin wani ba da izini ba, wanda laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Wannan bai ba mai gadi ikon fasa maka kyamara ko dukanka ba, amma gardama da shi a bakin ƙofa ba ta taɓa gyara komai ba. Sauran wuraren da aka hana hoto kuwa kowa ya sani: barikin soja da makamantansa, waɗanda dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta shafa, cikin kotu, sai da yardar alƙali, da ɗan akurkin dangwala ƙuri'a, inda hukumar zaɓe ta hana shiga da waya saboda masu sayen ƙuri'a.

To amma titi ma ba lasisi ba ne na komai. A 2004 kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin, wato Majalisar Dattawan ƙasar, ta ba fitacciyar mai tallan kayan sawa Naomi Campbell gaskiya a kan jaridar Daily Mirror, wadda ta buga hotonta tana fitowa daga taron masu neman rabuwa da shan ƙwaya. A kan titi aka ɗauke ta, kowa na iya ganinta, amma abin da hoton ya fallasa magani ne take nema, kuma wannan sirrinta ne. Hukuncin ba ya ɗaure kotunan Najeriya, sai dai lauyoyinmu suna kafa hujja da irinsa. Ka auna shi da hoton wani yana fitowa daga asibitin masu taɓin hankali, ko sashen masu cutar ƙanjamau, ko mace tana barin asibitin yoyon fitsari. Ƙofar a kan titi take, labarin da ke cikin hoton kuwa na ɗaki ne.

Rigimar hoto tun farkonta ta yaɗawa ce. Kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara a 1888, bayan shekara biyu lauyoyi biyu a Amurka, Warren da Brandeis, suka yi fitaccen rubutunsu kan haƙƙin a ƙyale mutum ya zauna lafiya. A 1900 wata budurwa a jihar New York ta kai ƙara saboda wani kamfanin fulawa ya buga fuskarta a takardun talla 25,000 ba ta sani ba. Ta faɗi a kotu a 1902, mutane suka fusata, a 1903 majalisar jihar ta yi dokar hana amfani da hoton mutum a talla sai da rubutacciyar amincewarsa. A Jamus kuma, wasu masu hoto biyu ne suka kutsa ɗakin da gawar Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, take a 1898 suka ɗauke ta don su sayar. Daga nan aka samu dokar 1907 da har yau take cewa, ban da wasu keɓantattun halaye, ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa.

A wajenmu dokar da ta fi kusa da wannan ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kuma kafa hukumar da ake kira NDPC. Hoton da za a iya gane mutum a cikinsa bayanin mutum ne a idon wannan doka, kuma ɗauka da ajiyewa da turawa duk sarrafa bayani ne. Dokar ta sassauta wa abin da mutum ya yi don amfanin kansa da iyalinsa, muddin bai keta sirrin wani ba, ta kuma sassauta wa aikin jarida da ilimi da fasaha idan akwai maslahar jama'a. Wanda ba ta sassauta wa ba shi ne mai shago da ya ɗauki abokiyar cinikinsa sanye da mayafin da ta saya ya sa a Instagram, da makarantar kuɗi da ta manna fuskokin ɗalibai a allon talla, da ƙungiyar agaji da ke tara hotunan waɗanda ta taimaka. Waɗannan suna buƙatar hujjar doka, mafi sauƙinta amincewa, kuma wanda ya amince yana da ikon janye amincewarsa ya nemi a goge. Idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, amincewar iyaye ko mai riƙonsa ake nema. Tarar na iya kaiwa naira miliyan 10 ga manyan masu sarrafa bayanai, miliyan 2 ga ƙanana, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Masu hoton biki su kula da wani abu da yawancinsu ba su sani ba. Gaskiya ne haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, in ba an yi wata yarjejeniya ba. Amma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoton don sha'anin gidansa ikon hana a buga shi ko a nuna wa jama'a. Ma'ana, hotunan kamu da na sa lalle da na buɗar kai naka ne ta fuskar fasaha, amma ba ka da ikon zuba su a shafinka don jawo ciniki sai masu biki sun yarda. Kuma ko amarya ta yarda, ba ta yarda da yawun ƙawayenta ba. Wurin kamu taron mata ne. Matar aure ta saki mayafi ta taka rawa ne don ta ɗauka tana cikin 'yan'uwanta mata. Bidiyon daƙiƙa talatin ya isa ya kai maganar gidan surukanta kafin ta koma gida. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a rubuta a takardar ciniki tun farko hotuna nawa za ka iya nunawa, masu biki su zaɓe su da kansu, kuma kada a sa wanda fuskar baƙuwa ta fito sosai sai an tambaye ta.

Sau da yawa ma ba hoton ne ke jawo shari'a ba, rubutun da aka sa a ƙasansa ne. Ka ɗauki matasa zaune a majalisa a bakin titi, babu laifi. Ka sa hoton a kan labarin shaye-shaye ko na 'yan daba, ka ɓata musu suna, kuma ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na Final Kod, da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ban da diyyar da za a iya nema. Shafukan labarai na intanet suna yawan faɗawa wannan rami idan suka ɗauko kowane hoto don cike gurbi. Sai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024: sashe na 24 ya shafi tura abin batsa da ƙaryar da aka shirya don tayar da hankali ko jefa rai cikin haɗari, da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3, sashe na 23 kuma ya shafi hotunan batsa na yara, inda ko ajiye su a waya laifi ne. Wanda aka turo masa ya tura gaba ya shiga ciki. Bahaushe ya riga ya faɗa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Da zarar ka tsallaka iyaka lissafin ya canza. Nijar tana da dokar kare bayanai tun 2017, aka sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma tsarin shari'arta ya gaji na Faransa, inda ake ɗaukar surar mutum a matsayin haƙƙinsa. A Faransa ɗin kanta, ɗaukar mutum a keɓantaccen wuri ba da yardarsa ba na iya jawo ɗaurin shekara guda da tarar yuro 45,000. Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne Saudiyya: dokarsu ta laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara guda ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Mahajjaci ko mai Umara da ya saba ɗaga waya yana bidiyon kai tsaye ya sani cewa matan mutane da ke bayansa ba su ba shi izini ba. A Daular Larabawa, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari Dubai, tarar tana farawa daga dirhami 150,000 zuwa 500,000, kuma ɗaukar hoton waɗanda suka yi haɗari ma yana ciki. Amurka ce ke can ɗaya gefen, inda hoton titi don labari ko fasaha yake da kariya mai ƙarfi, talla ce kawai ke buƙatar takarda. Yawancin bidiyoyin koyar da hoto da matasa ke kallo daga can suke, shi ya sa suke ɗaukar ƙa'idar wata ƙasa su zo da ita Sabon Gari.

Duk wannan doka ce, kuma doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema daga mutum. Tarbiyyar da muka tashi a ciki ta riga doka nisa a wannan fage. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan izini: zaure, sannan shigifa, sannan tsakar gida, kuma baƙo yana tsayawa a waje ya yi sallama. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, ta ce idan aka ce ku koma to ku koma. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana dalilin, cewa saboda gani aka sanya neman izini. Ido ake tsarewa ke nan, kuma kyamara ido ce da ba ta mantuwa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, ga kuma hadisin da ya yi alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa. Makwabtanmu Kirista ma suna da ƙa'idar yi wa mutum abin da kake so a yi maka. Ba mu rasa ma'auni ba. Abin da ya faru shi ne waya ta zo ta sa leƙe ya zama abu mai sauƙi har ya daina kama da leƙe.

Abin da ya fi damuna a wannan sha'ani shi ne su wa ake ɗauka. Ba ka ganin hoton attajiri yana barci baki buɗe, domin katangarsa doguwa ce, motarsa mai baƙin gilashi ce, kuma yana da lauya. Wanda ake ɗauka shi ne almajiri da robar bararsa, da tsohuwa a layin karɓar hatsi, da mai taɓin hankali a kan juji, da 'yar gudun hijira da jaririnta a sansani. Waɗannan ba su da katanga. Titin da kake kira bainar jama'a shi ne ɗakin kwanansu. Doka za ta iya ƙyale ka, amma ka san ka ɗauka ne don ba za su iya hana ka ba. Ko tambayar ma ba kullum take wanke mutum ba. Idan buhun shinkafa yana hannunka na dama, kyamara tana na hagu, "na yarda" ɗin da matar ta faɗa ba yarda ba ce, yunwa ce ta amsa. Masu rabon tallafi da ke buƙatar shaidar aiki don masu ba da kuɗi suna da mafita: a raba kayan tukuna, a ajiye kyamara har kowa ya karɓi nasa, sannan a tambaya, a kuma faɗa a fili cewa wanda ya ƙi ba zai rasa komai ba yau ko gobe. Shaidar rabo kuwa hoton buhuna da hannaye da takardar sa hannu ya wadatar. Almajiri kuma yaro ne. Malaminsa ake tambaya, shi ma yaron a tambaye shi, kuma kada a haɗa fuskarsa da sunansa da unguwar makarantarsa a wuri guda, domin wannan taswira ce ga mai mugun nufi.

Hoto kuma yana daɗewa fiye da yadda mai shi ya zata. Yarinyar nan 'yar Afganistan mai korayen idanu da aka ɗauka a sansanin gudun hijira a Fakistan a 1984, wadda mujallar National Geographic ta sa a bangonta a watan Yunin 1985, duniya ta san fuskarta shekara 17 kafin a gano ko wace ce a 2002. A lokacin sai da aka yi tafiya aka yi cigiya. Yau manhajojin gane fuska da binciken hoto irin na Google suna iya haɗa fuska da suna cikin ɗan lokaci. Tsohuwar hujjar cewa ai ba wanda ya san shi ta mutu.

Wurin haɗarin mota shi ne inda muka fi munana. Mutum yana kwance cikin jini, tufafinsa sun yage, wayoyi goma suna kansa, babu wanda ya kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112 na gaggawa. Kafin jami'ai su nemo iyalinsa, uwarsa ta gan shi a zauren WhatsApp na unguwa. Musulunci ya umarci a rufe gawa, mu kuma muna buɗe ta ga dubban idanu. Idan cigiyar dangi ake so, a bayyana kamanninsa da tufafinsa da inda abin ya faru da asibitin da aka kai shi, a bar hoton fuska a hannun jami'ai da ma'aikatan asibiti. Haka wanda aka kama ana zargi da sata aka tuɓe shi ana bidiyo: sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma Jihar Legas ta hana 'yan sanda baje kolin waɗanda ake tuhuma a gaban 'yan jarida tun 2021. Kotu na iya sallamarsa bayan wata shida, bidiyon kuwa ba wanda zai sallame shi daga ciki.

Kada a fahimci cewa kowane hoto sai da izini. Akwai inda neman izini yake daidai da taya mai laifi ɓoyewa. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka a birnin Minneapolis na Amurka ranar 25 ga Mayu 2020 shi ya ƙaryata bayanin farko na 'yan sanda kan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannunsu. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ma bidiyon waya ne ya kunna ta. Jami'in da ke bakin aiki, da ɗan siyasa a dandali, da ɗan kwangila a gaban aikin da ya bari, aikinsu na jama'a ne, kuma kakakin rundunar 'yan sandan Najeriya ya faɗa a fili cewa ɗaukar jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne. Mai ɗauka ya tsaya nesa kaɗan, kada ya shiga tsakani, ya bar bidiyon ya tafi ba yankewa, ya kama wata alama ta wurin, ya ajiye asalin fayil ɗin ba gyara. Kafin ya yaɗa kuma ya rufe fuskar wanda aka zalunta, ko ya tambaye shi, domin shi ne zai ci gaba da zama a garin. Ka kuma bambance abin da jama'a ke da maslaha a cikinsa da abin da kawai suke kwaɗayin gani. Gwamna a wurin aiki na farkon ne, 'yarsa a wurin cin abinci na biyun ne.

Yadda ake tambaya ba shi da wahala, tsoro ne kawai ke hana masu koyo. Kyamara tana rataye a inda za a gan ta, ka yi sallama, ka gaisa sosai kafin ka ambaci hoto. "Baba, sannu da aiki. Ni mai hoto ne, ina tattara hotunan sana'o'in gargajiya, zan sa a shafina na intanet inda kowa zai iya gani. Ko ka yarda in ɗauke ka kana aikin?" Wannan jimla ta ƙunshi abubuwa ukun da ke sa yarda ta zama yarda: ko kai wane ne, don me, kuma ina hoton zai je. Wanda bai san intanet ba ka nuna masa a wayarka. Idan mace ce, ka lura ko akwai mijinta ko babba a wurin da ya kamata a gaisa da shi, amma amsar tata ce. "Hajiya, in ba ki so ba komai" ya kamata ya fito daga bakinka kafin ta nema. A kasuwa ko marina ko maƙera ka fara da shugaban wurin, zai sauƙaƙa maka sauran. Kawar da kai, ko jan mayafi, ko ɗaga tafin hannu, duk a'a ne. Shiru ma a wajenmu sau da yawa kunya ce, kada ka fassara shi da yarda. Idan tambaya za ta ɓata yanayin da kake so, ka ɗauka sannan ka je nan take ka nuna masa, in ya ce a goge ka goge a gabansa, har da kwandon shara na wayar, wanda ke riƙe hoto kwana 30 ko fiye. Ƙaramin gilashi mai milimita 35 ko 50 ya fi dacewa da wannan aiki, domin yana tilasta maka matsowa taku uku ko huɗu inda za a gan ka. Wanda kullum yake laɓewa da mai milimita 200 ya tambayi kansa me yake gudu.

Idan hoton na talla ne ko na sayarwa, baki bai isa ba, sai takarda: sunan mai hoto da na wanda aka ɗauka, rana da wuri, inda za a yi amfani da shi, tsawon lokaci, abin da aka biya, yadda zai janye, da sa hannu ko dangwale tare da shaida. A rubuta ta da harshen da yake ji, a ba shi kwafi. Wanda ba ya karatu a karanta masa, a naɗi muryarsa yana amsawa.

Ɓoye mutum a hoto ma yana da ƙa'ida. Ɗan dishi-dishin da manhajoji ke sawa a ido ba ya hana 'yan unguwa gane mutum, kuma mai sauƙinsa ana iya rage shi. Baƙin tabo da ya rufe fuska duka ya fi aminci. Amma fuska ba ita kaɗai ke tona mutum ba: tsagar gado, zanen lalle, lambar mota, bajen makaranta a rigar yaro, rubutun da ke jikin shago, ko kalar ƙofar gida. Gara a magance abin tun wajen ɗauka. Ka ɗauka ta baya, ko hannaye kawai suna aiki, ko ka sa mutum tsakaninka da haske ka auna hasken sama don ya fito baƙar inuwa. Buɗe idon kyamara zuwa f/2.8 yana narkar da mutanen da ke baya, rage saurin ƙyaftawa zuwa 1/15 ko 1/8 na daƙiƙa kuma yana mayar da masu wucewa kamar hayaƙi, sai dai a nan kana buƙatar kafa kyamarar a kan ƙafa uku. Sannan akwai bayanan EXIF da ke ɓoye a cikin fayil: rana, lokaci, irin waya, da daidai inda aka tsaya idan GPS yana kunne. Manyan shafukan sada zumunta suna cire su daga abin da jama'a ke saukewa, amma idan ka tura hoton ta imel, ko ta WhatsApp a matsayin fayil, suna tafiya da shi. Ka kashe izinin wuri a saitin kyamara kafin aikin da ya shafi yara ko waɗanda ke cikin haɗari.

Wanda kuma aka yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba, kuskuren farko da ake yi shi ne zagi a ƙarƙashin hoton, wanda ke ƙara tura shi gaba, na biyu shi ne roƙon a goge kafin a adana shaida. Ka fara ɗaukar hoton fuskar waya da ke nuna sunan shafin da rana da rubutun da aka sa, ka kwafi adireshin. Sannan ka aika saƙo a rubuce, gajere, ba zagi, kana neman a cire cikin ƙayyadadden lokaci, kamar kwana biyu. Ka kai rahoto ga shafin kansa ta sashen keta sirri, domin Facebook da TikTok da sauransu sun fi saurin cirewa idan abin ya shafi yaro ko tsiraici. Idan kamfani ne ko makaranta ko ƙungiya, ana kai ƙorafi ga NDPC. Idan ana yi maka barazana da hoton don kuɗi, kada ka biya, domin biya na farko ne ke kiran na biyu. Ka kai wa 'yan sanda duk saƙonnin yadda suke, ba tare da ka goge ko ɗaya ba. Idan kuma hoton tsiraicin yaro ne, kada ka sauke shi ko ka tura wa kowa da sunan shaida, adireshin shafin da sunan asusun kawai za ka miƙa wa hukuma.